Man Kirfa a Wuyan Taubashina

Mahaifina fataken goro ya biyo daga Arewa, ta Salaga, har ya sauka Kumasi. Bai daɗe a goro ba. Hancinsa ya fi ƙafarsa ƙarfi, sai ya zauna a Zango yana haɗa turare da man shafawa. Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, don haka ni ya koya wa. Na yi karatun allo gwargwadon hali, na iya rubuta abin da ba na so in manta, kuma abin da na fara rubutawa da hannuna shi ne dokokinsa na mai.

Man ƙamshi iri biyu ne a wurinmu, ɗanye da haɗaɗɗe. Ɗanye shi ne wanda aka tatso daga itacen ba a garwaya shi da komai ba, kamar man kanumfari, man na'ana'a, man sandal da man kirfa. Ba a sa ɗanye a fata. Za a narka man kaɗanya a kasko mai tsabta, a sauke, a bari ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan a ɗiga ɗanyen da tsinke. Sandal mai haƙuri ne, ana iya sakin hannu kaɗan. Kirfa ba ta da haƙuri ko kusa, ɗigo ɗaya ya ishi ludayi guda. In an gama haɗawa, mai haɗawa ita ke fara shafawa a cikin wuyan hannunta, ta jira daga hantsi zuwa la'asar. Mai saye ma haka za ta yi kafin ta shafa a jiki. Ba a kai shi kusa da ido, ba a sa wa jariri, ba a sha, ba a ajiye shi kusa da murhu. Kwalabensa a cikin tukunya mai murfi suke zama, a lungun da rana ba ta kaiwa, inda hannun yaro ba ya isa.

Da mahaifina ya rasu na ci gaba da sana'ar. Ni ba kasuwa nake zama ba, gida gida nake bi. Mai jego, tsohuwa mai ciwon gwiwa, uwar amarya, duk ni suke aika wa. A ƙananan tanduna na fata nake zuba haɗina, kuma kowane tandu nakan ɗinka masa ƙulli uku na jan zare a wuya. Duk matar Zango da ta ga ƙulli uku ta san daga hannuna ya fito, ta san na gwada shi a jikina. Abin da nake da shi ke nan a duniya, ƙofofin gidajen nan da ake buɗe mini ba tare da an tambayi ko wace ce ba.

A shekarun nan ne jirgin ƙasa ya saba zuwa daga bakin teku, kantunan Turawa suka cika da kwalabe masu ruwan ƙasa. Nan mutanenmu suka yi kuskure. Man da muka saba da shi daga Arewa yake zuwa a bayan jaki, ya bi hannu goma kafin ya iso, kowane hannu ya sirka shi, sai ya zo mana a gajiye. Mutum na iya shafa shi kai tsaye bai ji komai ba. Na kwalabar kanti kuwa babu wanda ya taɓa shi, ɗanye ne shar. Suna ɗaya, ƙamshi kusan ɗaya, amma wannan wuta ce.

Ina da taubashi, ɗan Kawuna, wanda na girma da shekara biyu. Yana da rumfa a kasuwa, yana sayar da allura, madubi da sabulun salo, daga baya ya ƙara da kwalaben nan. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da zolaya, kuma kowa ya san hukuncin taubasai: abin da ya faɗa maka ba zagi ba ne, abin da ya ɗauka naka ba sata ba ce, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Wata rana da hantsi ya shigo gidanmu ya tarar na wanke tanduna goma sha huɗu na kife su a inuwa suna shan iska.

"Malama uwar dokoki, an yi wanka ne?" in ji shi. "Waɗannan 'ya'yan naki sun yi yawa, bari in rage miki reno."

"Ajiye, bawan gidanmu. Hannun da ke auna allura bai san tandu ba."

"To ki kai ƙara wurin Kawunki," ya ce, ya kwashe su cikin aljihun rigarsa yana dariya, ya fita.

Matan gidanmu suka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka zai dawo da su bayan kwana biyu ya ce in fanshe su da ƙosai, kamar yadda ya saba. Bai dawo da su ba, ni kuma aiki ya sha kaina.

Bayan sati uku aka aiko in zo gidan Inna mai koko. Tsohuwa ce da ke sayar da koko a bakin hanyar masallaci, Zango duka a hannunta aka karya kumallo. Na tarar da ita a kan tabarma, ta janye zane zuwa cinya, gwiwarta ta hagu ta yi ja wur, ta tashi bororo kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Mata sun cika ɗakin. Ɗaya ta miƙo mini tandu. Ƙulli uku, jan zare, ɗinkin hannuna. Na buɗe, tun kafin ya kai hancina idona ya kawo ruwa. Man kirfa ne ɗanye, ko ɗigon kaɗanya babu a ciki.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"A rumfar ɗan Kawunki na saya, 'yar nan. Ya ce haɗinki ne, kin ba shi ya riƙa sayar miki. Na ga ƙullin, ban yi gwaji ba. Me zan gwada a abin da ya fito hannunki?"

Sun riga sun yi ta kwara mata ruwa, ruwa kuwa ba ya ɗauke mai, sai dai ya baza shi. Na sa aka kawo man kaɗanya zalla, na shafe gefen wurin a hankali, na goge da tsumma mai laushi, na sake, har sau huɗu. Sannan na wanke da sabulu da ruwan sanyi, na rufe da ƙyalle mai tsabta, na hana kowa fasa bororon. Kwana goma sha biyu ina zuwa safe da yamma. Kwana goma sha biyu babu koko a bakin hanyar masallaci, kuma duk wanda ya tambayi dalili, sunana aka ba shi.

Na je rumfar taubashina. Ban ɗaga murya ba.

"Ka zuba ɗanyen mai a tanduna, ka ƙona tsohuwa. Ka je ka faɗa wa mutane."

"Ni? Maza nawa suka sayi man nan suna sawa a riga, wa ya ƙone? Ke dai hannunki ya fara rawa, tsufa ya zo. Ki daina haɗa wa mutane yaji."

Na je wurin Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe yana ɓare goro, sannan ya ce wasan taubasai ba ya zuwa gaban manya, in yi haƙuri, magana za ta wuce. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma Allah bai hana ni shiri ba.

Magana ba ta wuce ba. Gidan da nake shiga kai tsaye, sai a tare ni a zaure a ce matar gida tana barci, alhali ina jin muryarta. Aka yi haihuwa uku a layinmu ba a aiko mini ba. Wata da na yi wa hidimar jego sau biyar ta gan ni a bakin rijiya, ta janye 'yarta bayanta. Na dawo gida ran nan na zauna gaban tukunyar kwalabena, na yi wa kaina alkawari cewa bakin da ya ɓata ni shi zai wanke ni, a gaban matan nan, kuma sai fatarsa ta ɗanɗani abin da fatar Inna ta ɗanɗana. Ban yi kuka ba. Na tsara abin da zan yi, na bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko na daina nuna fushi. In mun haɗu a hanya ni nake fara tsokanarsa, har ya saki jiki ya ɗauka na haƙura. Na biyu, na nemi shaida. Inna mai koko tana da 'ya da ke aure a Tafo, mace mai nutsuwa, taubashina bai san fuskarta ba. Na yi zargin cewa bai daina ba, domin ko sunana ya mutu a Zango, mutanen ƙauyuka ba su ji ba, ƙulli uku yana da daraja a wurinsu har yanzu. Na roƙe ta ta je rumfarsa kamar baƙuwa, ta ce man ciwon gwiwa take so na matar nan mai ƙulli uku. Ta je. A gabanta ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya tsiyaya daga kwalabar kanti cikin tanduna, ya miƙa mata, ya ce haɗin taubashiyarsa ne, mai sanyi kamar nono. Ta kawo mini shi. Na toshe bakin tandun da kakin zuma, na sa shi a ƙasan tukunya don kada ƙarfinsa ya ragu. Na uku, na jira rana. Matarsa tana da ciki, na ƙirga watanninta daidai kamar ni ce ungozoma.

Ta haifi namiji a tsakiyar damina. Ranar suna sai da aka yi ruwa da asuba, gari ya waye fes. Aka raɗa suna a ƙofar gida, maza suka watse, da hantsi tsakar gidan Kawu ta cika da mata, kusan duk gidan da aka rufe mini ƙofa akwai wakiliyarsa a kan tabarma. Inna mai koko ta zo tana ɗingishi, 'yarta ta Tafo ta zauna bayanta ta ja mayafi. Ni na zauna kusa da turmi. A ƙugun zanena akwai tandu biyu da ɗan gwangwanin man kaɗanya zalla.

Al'ada ce uban jariri ya shigo ya gaishe da mata, taubasansa su tare shi su yi masa tsiya, ba shi da ikon ɓata rai. Ya shigo cikin sabuwar riga, hula a karkace, Kawu na biye da shi. Na miƙe na tare hanya.

"Ina za ka, bawan gidanmu? Uban ɗa ba ya wucewa ba ƙamshi."

"Ku ji ta," ya ce da matan. "Malama za ta ƙona ni ranar farin cikina. Inna mai koko, ki yi mini shaida."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na fito da tandu na farko.

"Wannan haɗina ne na gwiwa, da kirfa a ciki. Dokar ubana, mai haɗawa ke fara shafawa."

Na lakata, na shafa a wuyana hagu da dama, na miƙa wa matan da ke kusa su sansana. Sannan na fito da na biyu, na ɓalle kakin.

"Wannan kuma kai ka sayar. Ka ce haɗina ne, mai sanyi kamar nono. To ga nonon. Shafa."

"Wa ya ce daga wurina ya fito?"

'Yar Inna ta sauke mayafinta. "Ni na saya, wata biyu da suka wuce. Ka tambaye ni ko daga Tafo nake, ka ce in gaishe da mutanen can. Wannan ce uwata."

Jaririn na kuka daga ɗaki. Taubashina ya dubi Kawu. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Kawu, kai ka ce wasan taubasai ba ya zuwa gaban manya. Wasa muke yi."

Kawu ya ja da baya.

Hanya biyu ce gaban taubashina, ko ya faɗi gaskiya nan take, ko ya shafa. Na san wadda zai bi, domin na san shi tun yana rarrafe. Bai taɓa sa man nan a fatarsa ba, a riga yake ɗigawa, kuma a ransa ya yarda raki ne irin na tsofaffi. Ya karɓe tandun, ya tsiyaya a tafin hannu, ba kaɗan ba, ya murza a wuya daga ƙasan kunne zuwa maƙogwaro, yana murmushi.

"Shi ke nan? In wuce?"

"Tsaya mu gaisa tukuna. Ya mai jego? Ya kwanan jariri? Ya kasuwa?"

Na ja gaisuwar da gangan, ina tambaya ɗaya bayan ɗaya. A tambaya ta huɗu ya fara taɓa wuyan rigarsa. A ta shida murmushin ya tafi. Wuyan ya yi ja, gumi ya keto masa, gumi kuwa yana ƙara wa kirfa kaifi. Ya juya ya nufi randa, ya ɗebi ruwa da moɗa ya kwara.

Na san abin da ruwa zai yi. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta hana shi. Ban faɗa ba. Na tsaya ina kallo ruwan ya kwashi man ya gangara da shi ƙirjinsa, ƙarƙashin sabuwar rigar, ya fara tsalle yana fizgar wuyanta. Matan da suka kwara wa Inna ruwa a ranar nan suka dubi juna.

Na fito da gwangwanin kaɗanya, na buɗe, na riƙe shi a inda zai gani.

"Yaya, don Allah," ya ce. Tun da aka haife shi bai taɓa kirana Yaya ba.

"Wa ya kwashi tanduna?"

"Ni ne. Ba ni man."

"Nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Goma sha huɗu. Me ka zuba a ciki?"

"Na kwalaba."

"Ɗanye ko haɗaɗɗe? Ka ɗaga murya, akwai tsofaffi a baya."

"Ɗanye. Ban haɗa da komai ba, ban san ana haɗawa ba."

"Ka sani, a gidanmu ka yi wayo, ƙiwa ce. Na ba ka ka sayar mini?"

"Ba ki ba ni ba."

"Wa ya ƙona gwiwar Inna?"

Hawaye na zubo masa, ba na nadama ba, na yaji. Uwarsa ta kama hannuna ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina jin tsoronsa, shi ya sa nake so a faɗi gaskiya a gidan suna. Na mayar da murfin gwangwanin.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ƙona ta. Inna, ki yafe mini."

Inna ta ce, "Ni kwana goma sha biyu na yi, ɗan nan. Kai ko lokacin shan koko ɗaya ba ka kai ba."

Sai a lokacin na sa shi ya tuɓe rigar ya zauna a kan turmi. Na yi masa aiki daidai yadda na yi wa Inna, ban rage ba ban ƙara ba: kaɗanya, gogewa, sau huɗu, sannan sabulu da ruwan sanyi, sannan ƙyalle. Ina yi ina bayani da ƙarfi don matan su ji dalilin kowane mataki, shi kuma yana zaune tsirara daga ƙugu zuwa sama kamar allon karatu. Bai yi bororo irin na Inna ba, don ita nata ya kwana a jikinta, amma wuyansa da ƙirjinsa sun saɓule, sati biyu bai iya sa riga mai wuya ba.

Ban tsaya nan ba, domin ba duk gidajen ne suka zo suna ba, kuma magana in ta bi baki uku takan canza. Na ce da Kawu sai ɗansa ya bi ni gida gida ya faɗa da bakinsa, kuma ya dawo mini da sauran tanduna. Kawu ya ce abin ya isa haka. Matan suka ce bai isa ba, su ma da gwiwoyinsu. Washegari da hantsi muka fara. Ni a gaba, shi a baya da ƙyalle a wuya, yara na leƙe. A kowane zaure zai yi sallama, maigida ya fito, matar gida ta tsaya bayan ƙofa, ya faɗi abin da ya yi daga farko zuwa ƙarshe. In ya tsallake wani wuri sai in ce ya koma baya. Kwana uku muka yi. Ban da na Inna da na 'yarta, tanduna shida suka dawo, sauran sun tafi ƙauyuka da ɗanyen mai a ciki, na sa shi ya bi waɗanda ya tuna, ya samo uku. Ukun da suka ɓace har yau ban san jikin wa suka taɓa ba, kuma wannan ban yafe masa ba.

A kwana na huɗu aka aiko daga gidan matar da ta janye 'yarta a bakin rijiya, wai ƙanwarta ta haihu, in zo da man jego. Na bari sai da ta aiko sau biyu, sannan na je. Ba a tare ni a zaure ba. Kafin ƙarshen damina yawancin gidajen sun dawo, ban da guda biyu da suka riga suka saba da wata mai haɗawa, kuma ban bi su ba.

Taubashina ya daina sayar da kwalabe, ya koma allura da madubi. Mun ci gaba da haɗuwa a biki da makoki shekaru da yawa, yana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaishe da suruka, ni kuma ina amsawa a taƙaice. Bai sake yi mini wasa ba har ya bar duniya. Uwarsa ta mutu tana cewa ni na kashe zumunci. Na je gaisuwarta, na zauna kwana uku kamar kowa, na kai sandal da kafur na wanka daga tukunyata.